Ya karanta Zabura 91 bai dawo gida ba: ina kariyar Allah take?

Tambaya: Baba Fasto, barka da hidima. Ni 'yar Kudancin Kaduna ce, mijina mutumin Duwatsun Nuba na Sudan ne, mun haɗu yana karatu a Jos, muka zauna a unguwar Hajj Yusuf ta Hartum. Da yaƙi ya ɓarke muka gudu Madani, daga can muka sake gudu zuwa Gadarif, inda wata dattijuwa Bahaushiya Musulma ta ba mu ɗaki. Ƙanin mijina, wanda ba ya fita sai ya karanta Zabura 91, bam ya kashe shi a hanyar kasuwa. Wani mai wa'azi a WhatsApp ya ce wanda ba ya fid da zakka ya fita daga inuwar Allah, sai na shuka iri, wato na tura masa kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, kafin kariya ta dawo. Ni kuwa na daɗe ban ba da zakka ba, rabona da sujada ma an kwana biyu. Allah ya juya mana baya ne? Ina albarka a yalwace da aka yi mana alkawari, ga mu muna bin layin abinci? Kuma mijina yana so mu koma Hartum, ni ina tsoro. Rashin bangaskiya ne?

Amsa: 'Yata, kafin komai ina yi muku gaisuwa. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya ta'azantar da mijinki da tsofaffinsa. A cikin tambayoyinki akwai wadda ba ta bukatar jira: kada ki tura wa mai wa'azin nan ko fam guda. Dalilin yana zuwa.

Abin da ya fi cin ranki shi ne tsoron cewa Allah ya rufe miki ƙofa saboda kin bar zakka da sujada. A bangaskiyar Kirista, karɓa ita ce a gaba, sauran abubuwa bayanta suke bi. Bulus ya rubuta wa Romawa cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu (5:8), ba a jira mun gyaru ba tukuna. Yesu kuma ya ce duk wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba (Yahaya 6:37), bai haɗa da sharaɗin kuɗi ba, bai haɗa da na yawan zuwa majami'a ba.

Labarin da ya fi bayyana wannan na ƙasar da kike zaune ne. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 8, inda Filibus ya tarar da wani babban mutum a cikin karusarsa a hanyar Gaza. Ma'ajin Kandaka ne, Kandaka kuwa sarautar mata ce a daular Kush, wadda gine-ginen dalarta suke tsaye har yau a Bajarawiya kusa da Shandi, kimanin kilomita 200 arewa da Hartum. Wato mutumin bakin Nilu ne. Baƙo ne a Urushalima, sannan an dandaƙe shi domin hidimar fada, Shari'ar Musa kuwa ta hana irinsa shiga taron jama'ar Ubangiji (Maimaitawar Shari'a 23:1). Ya sha doguwar tafiya domin sujada, yana komawa gida da littafin Ishaya a hannu, yana karantawa bai gane ba. Da Filibus ya yi masa bayanin Yesu, suka iso wurin ruwa, sai ya tambaya: me zai hana a yi mini baftisma? Wanda ya saba a tsayar da shi a bakin ƙofa ne yake irin wannan tambaya. Ba abin da ya hana. Suka sauka cikin ruwa, ya ci gaba da tafiyarsa yana murna, Filibus bai tambaye shi ko ƙwandala daga baitulmalin sarauniya ba.

A wannan sura ɗin dai, 'yan ayoyi kafin nan, wani Siman ya miƙa wa manzanni kuɗi domin a ba shi ikon Ruhu. Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya zaci baiwar Allah abin saye ce. Masu kuɗi biyu a sura guda: wanda ya zo da tambaya aka karɓe shi, wanda ya zo da ciniki aka tsawata masa. Mai wa'azinki ya buɗe miki teburin ciniki ne, sai dai wannan karon mai sayarwar ne ya zo yana tallan.

Yanzu ga Zabura 91. Ina ƙaunarta, ba na kuma so ki daina karanta ta. Amma jama'armu da yawa sun mai da ita laya. Za ki ga an bar Littafi a buɗe daidai wurin a ƙarƙashin matashin kai, ko an rubuta aya ta 7 a 'yar takarda an naɗe an cusa bayan waya, wadda take cewa dubu za su faɗi a gefenka, dubu goma a damanka, amma ba za ta kusance ka ba. Ka'idar laya kuwa sananniya ce: in masifa ta sami mai ita, to ko dai layar ba ta da ƙarfi, ko shi ne ya karya sharaɗi. Wannan lissafi ne yake hana ki barci. Kina duban marigayi kina cewa ko zabura ta gaza, ko wani a gidan ya yi laifi, kuma kin riga kin ɗora wa kanki laifin.

Wanda ya yi amfani da zaburar nan haka a cikin Sabon Alkawari shi ne Iblis. Ya kai Yesu kan tsororuwar Haikali, ya karanto masa aya ta 11 da ta 12, cewa mala'iku za su tallafe shi, ya ce to ka dira (Matiyu 4:6). Yesu bai ce ayar ƙarya ce ba, ya dai ƙi a mai da alkawarin Uba abin gwada Uba. Sannan ki karanta zaburar har ƙarshe, domin mutane suna yawan tsayawa a tsakiya. A aya ta 15 Allah da kansa yake cewa zai kasance tare da mutumin a cikin wahala. Ashe tun farko zaburar ta san za a shiga wahala.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya zo da dare ya fid da Bitrus daga kurkuku. Sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya, manzanni biyu da Yesu ya kira a bakin teku ɗaya, Luka kuma bai ce bangaskiyar Yakubu ta kasa ta Bitrus ba. Ibraniyawa 11 ta yabi waɗanda ta wurin bangaskiya suka tsere wa kaifin takobi, ayoyi uku a gaba ta yabi waɗanda aka kashe da takobi, ta sa su duka a jeri guda. Da aka kawo wa Yesu labarin mutanen da Bilatus ya kashe, shi da kansa ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya amsa da a'a (Luka 13). Saboda haka ina gaya miki ba kwana-kwana: mutuwar ƙanin mijinki ba hukunci ba ce a kansa, ba kuma a kanki ba. Jininsa yana wuyan waɗanda suke harba bam inda talakawa suke cin kasuwa. Tun daga 15 ga Afrilu 2023 wutar nan ta ci masallatai ta ci majami'u. Ko gidan Dar Mariam na sistoci a unguwar Shajara, inda mata da yara suka fake ana addu'a dare da rana, bam ya faɗa masa a Nuwamba 2023.

To mece ce kariyar? Bari in kai ki wurin wani mutumin Kush na biyu, wanda ba a cika wa'azi a kansa ba: Ebed-melek, bawa a fadar sarki Zadakiya, a Irmiya 38 da 39. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, gurasa ta ƙare a birni, fadawa suka jefa annabi Irmiya cikin rijiyar da ba ruwa sai laka, suka bar shi ya mutu. Duk fadar ba wanda ya buɗe baki sai wannan baƙo. Ya tarar da sarki a Ƙofar Biliyaminu, a bainar jama'a, ya ce abin da aka yi mugunta ne. Da aka ba shi izini, bai ruga bakin rijiya da igiya kawai ba. Sai da ya biya ta ɗakin ajiya na fada ya kwaso tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zura su ƙasa, ya ce wa Irmiya ya sa su a hammatarsa ƙarƙashin igiyar. Ya san mutumin da yunwa ta rame da shi, in aka ja shi daga laka da igiya tsirara, fata za ta saɓule. Kullum na zo wannan wuri sai na dakata. Ana tsakiyar yaƙi, amma wani ya tuna da hammatar wani.

Ga kuma saƙon da Allah ya aika masa (39:15-18). Bai ce birnin zai tsira ba. Ya ce masifar za ta auko, kuma a kan idonsa za ta faru, amma shi ba za a ba da shi a hannun waɗanda yake tsoro ba, zai fita da ransa kamar ganima, domin ya dogara ga Ubangiji. Urushalima ta faɗi wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu, fadar da yake aiki a ciki aka ƙone ta. Kusan irin wannan magana aka gaya wa Baruk, magatakardan Irmiya, a sura 45, har da gargaɗin kada ya nemar wa kansa manyan abubuwa a irin wannan lokaci. Ke da mijinki da 'ya'yanku kun fita Hartum da rai. Madani ta faɗi a Disamba 2023, kuka sake fita da rai. Kayan ɗaki sun tafi, mai yiwuwa gidan ma. Wannan tsira ba ƙaramin abu ba ce, kina da damar ba da shaida a kanta ba tare da jin kunyar waɗanda ba su fita ba.

Shi marigayin fa? A nan ne alkawarin ya wuce inda ido yake gani. A Luka 21 Yesu ya gaya wa almajiransa cewa za a kashe waɗansunsu, ayoyi biyu bayan haka ya ce ko gashi ɗaya na kansu ba zai hallaka ba. Maganganun biyu ba sa haɗuwa sai a wurin wanda ya gaskata da tashin matattu. Bulus ma da ya lissafa abin da ba zai raba mu da ƙaunar Almasihu ba a Romawa 8, ya kira su da suna: ƙunci, tsanani, yunwa, tsiraici, hatsari, takobi. Bai ce ba za su zo ba. Ya ce ba za su iya raba mu da shi ba. Na san wannan ba zai cike gurbin yaron a tabarmar cin abinci ba, kuma ba a hana ku kuka ba. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba a cire ta daga Littafi ba. Zabura 44 ma har tambayar Allah take yi don me yake barci. In bakinki ya kasa ɗaukar ta 91 a yanzu, ki yi addu'a da waɗannan. Mijinki ma ki bar shi ya yi makokinsa, kada a cika shi da "ka yi haƙuri, kai namiji ne".

Maganar zakka. Ayar da irin waɗannan masu wa'azi suke riƙewa ita ce Malakai 3:10. An faɗe ta ga al'umma mai gonaki da Haikali, waɗanda suke da abin bayarwa suka hana. Ba sa karanta miki Maimaitawar Shari'a 14:28-29, inda aka ce a kowace shekara ta uku a tara zakkar a cikin gari, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. A lissafin Attaura, ke yau kina cikin masu karɓa. Bulus ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma kada ya zama na dole (2 Korintiyawa 8:12 da 9:7). Za su kawo miki labarin gwauruwar da ta jefa anini biyu. Ki ce su koma ayoyin da suka gabace shi a Markus 12, inda Yesu ya la'anci halin malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Randa hannunki ya sake kamawa, ki ba da baikonki a ikilisiyar da kika san dattawanta, kika kuma ga inda kuɗin yake zuwa. Sujada kuwa ki koma, ba don biyan bashi ba, sai don kaɗaici yana ƙara wa baƙin ciki nauyi. Akwai masu bi a Gadarif, har da mutanen mijinki na Nuba, zumuntar mata kuma ba ta tambayar rasit a bakin ƙofa.

Sai albarka a yalwace. Yesu ya ce ya zo domin tumakinsa su sami rai, su same shi a yalwace (Yahaya 10:10), aya ta gaba kuma ya ce makiyayi mai kyau yakan ba da ransa domin tumakin. Wanda ya yi maganar ba shi da wurin sa kansa. Da dukiya yake nufi, da manzanninsa ne farkon waɗanda aka yaudara, domin Bulus daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya san ƙoshi ya san yunwa. Ba ina cewa talauci abin so ba ne, ko Allah ba ya wadata mutum da gida da gona. Yana yi, ki kuma roƙa ba kunya. Ina cewa ne ma'aunin da ake nuna miki a waya ba na Littafi ba ne.

Ki duba yadda Allah ya ciyar da Iliya a shekarun fari, a 1 Sarakuna 17. Ya tura shi Zarefat ta ƙasar Sidon, wajen gwauruwar da ba Ba'isra'iliya ba, wadda ta rage da tafin gari ɗaya da ɗan mai. Ba a ce tukunyar ta cika ta tumbatsa ba. An ce garin bai ƙare ba, mai bai kafe ba, har ruwa ya sauko. Kullum ta zura hannu sai ta sami na ranar. Yesu ya tuna wa mutanen Nazarat da wannan labari a Luka 4, suka fusata har suka so jefa shi daga kan dutse, domin ba sa son jin cewa Allah yana ratsa iyakar da mutane suka shata.

Hajiyar da ta ba ku ɗaki, ta hannunta aka amsa addu'arki. Kada ki ɗauki alherinta da rabin zuciya don addininku ya bambanta. Hausawan Sudan sun san hanya sun san gudu. Kakannin da yawansu a ƙafa suka taso za su aikin hajji, suna yada zango suna noma shekara da shekaru kafin su ci gaba, waɗansu suka zauna ke nan. Waɗansu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan Turawa sun kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Ko a 2022 rikicin jihar Shuɗin Nilu ya raba Hausawa masu yawa da gidajensu. Mutanen da suke cewa baƙonka annabinka ba a littafi suka koya ba. Haka layin takiyya, wato wurin girkin sadaka na unguwa: samari da matan unguwa sun ɗora manyan tukwane a kan itace tun asuba, kuɗin yana shigowa kaɗan-kaɗan daga 'yan'uwa na waje, yara sun jera bokitai da robobi a ƙasa suna riƙe wa iyayensu layi, ana zuba adas ko balila, wato dafaffen wake ko hatsi, ba a tambayar kowa addininsa. A ƙasar da sama da mutum miliyan 10 suka rasa matsuguni, waɗannan tukwane sun riƙe rayukan da manyan ƙungiyoyi ba su kai gare su ba. Ki karɓa da godiya, ki ci da lamiri mai tsabta. Da jirgin Bulus ya farfashe a Malita, mutanen tsibirin da ba masu bi ba ne suka hura musu wuta, Bulus kuma bai zauna yana jin ɗumi kawai ba, ya tashi ya tsinto ƙirare (Ayyukan Manzanni 28). Ke ma kina da abin tsintowa: ki tsince wake a takiyya, ki koya wa jikokin Hajiya karatu, ki ɗebo mata ruwa. Kuɗin da kika ware wa mai wa'azi kuwa, ki sayi gawayi da sabulu da maganin tsabtace ruwa, domin kwalara ta yi ɓarna a Gadarif da Kasala tun daminar 2024. Abin da ya rage ki kai wa Hajiya sukari da bun na jabana, wato ƙwayar kofi.

Game da komawa Hartum, tsoronki ba rashin bangaskiya ba ne, son komawar mijinki ma ba gwada Allah ba ne, muddin an bi da hankali. Yusufu ya gudu da Maryamu da jaririn zuwa Masar da dare, ya zauna har Hirudus ya mutu. Ko da ya dawo, jin cewa Arkilayus ne yake mulkin Yahudiya ya sa ya ji tsoro, aka kuma gargaɗe shi a mafarki, ya karkata zuwa Nazarat (Matiyu 2:19-23). Ba inda aka zarge shi da ƙarancin bangaskiya. Sojojin Sudan sun karɓe Hartum a Maris 2025, mutane suna ta komawa, amma unguwa ta bambanta da unguwa. Shawarata ita ce mijinki ya fara zuwa shi kaɗai, ko tare da wani daga ikilisiya, ya kwana biyu ya ga halin gidan, ya tambayi maƙwabtan da suka riga shi game da ruwa, wuta, asibiti mafi kusa da makarantar yara. Kada ya taɓa wani ƙarfe da bai sani ba a tsakar gida ko cikin ɓaraguzai, domin akwai bama-baman da ba su fashe ba, yara kuma su ne suka fi ɗaukar su da wasa. In ya dawo da bayani, ku zauna ku biyu ku yi addu'a ku yanke shawara, ku kuma sanar da Hajiya da wuri, kada ta ji labarin tafiyarku a bakin wani.